Kundin aikin girafin mai shaƙar amoniya, daga hunturu zuwa damina

18 ga Nuwamba, 2024

Farfesa ya amince da tsarin aikin, saboda haka daga yau zan riƙa rubuta halin da ake ciki, kowane mataki da kwanan watansa. Abin da muke son ƙerawa ɗan ƙaramin allo ne, faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba, wanda za a shafa wa girafin (siririn falle na kabon mai ɗaukar lantarki) da aka yi wa gyara, ya riƙa faɗin yawan amoniyar da ke cikin iskar ɗakin kaji. Sharaɗi biyu muka gindaya wa kanmu: ya yi aiki a zafin ɗaki ba sai an ɗumama shi ba, kuma ya iya bambance amoniya da sauran abubuwan da ke yawo a iska.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kajin da aka rufe da tamfol saboda sanyi ya san warin nan mai sa hawaye. Kashin kaza cike yake da asid ɗin yurik. In ya haɗu da danshi a cikin ɓuntun shinkafa ko garin katakon da aka shimfiɗa, ƙananan halittu su ruɓar da shi, sai amoniya ta tashi. Masana kiwo suna son kada ta haura ppm 25, wato kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗakin, kuma wannan adadin dai shi ne iyakar da ƙwararrun lafiyar ma'aikata a Amurka suka ba da shawara ga mai aikin awa 8. In ta wuce haka sai ta lalata 'yan siraran gashin da ke share maƙogwaron kaza, cutar numfashi ta samu ƙofa, girma ya ragu, in ta yi yawa sosai har ido take ci. Hancin mutum kuwa yana sabawa. Yaron da ke yini cikin kajin shi ne na ƙarshe da zai ji iskar ta ɓaci, ga shi hancinsa yana sama, na kaza yana dab da shimfiɗar da amoniyar ke fitowa daga cikinta.

Akwai na'urori a kasuwa. Masu arha, irin waɗanda Naoyoshi Taguchi ya ƙirƙiro a Japan a shekarun 1960, da okzayid ɗin kuza ake yin su, kuma sai an gasa su zuwa digiri ɗaruruwa kafin su yi aiki. Suna shan batir, suna kuma amsa wa kusan duk iskar da ke iya kamawa da wuta. Masu tsada suna da ruwan sinadari a ciki wanda amoniyar ke cinyewa sannu a hankali, to a ɗakin da ba ta yankewa dare da rana, ba sa jimawa.

Girafin falle ɗaya ne na zarrar kabon, an jera su gida shida-shida. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓanɓaro shi daga girafayit, baƙin abin rubutun da ke cikin fensir, da salatif a Jami'ar Mancesta a 2004, aka ba su kyautar Nobel a 2010. Tunda kaurinsa zarra ɗaya ne, ba shi da ciki, kowace zarra a fili take, giram ɗaya yana da faɗin fuska da ya kai murabba'in mita 2630 a lissafi. A 2007 su Geim suka nuna cewa yana iya jin saukar ƙwaya ɗaya tak ta iskar NO2 a kansa. Wannan ne ya sa duniya ta rufa a kansa.

Amma binciken da na fi komawa gare shi shi ne na rukunin Charlie Johnson a Jami'ar Fensilbaniya a 2009. Sun lura cewa ana barin ɗan saura na robar PMMA a kan girafin lokacin haɗa masa wayoyi. Da suka ƙone wannan saura da zafi cikin iskar haidirojin da agon, girafin ya fito tas, sai jinsa ga tururin sinadarai ya kusan ɓacewa. Ashe dauɗar ce take kama ƙwayoyin tururin ta riƙe su, girafin kuma ya ba da labari ta hanyar lantarki. Aikinmu gaba ɗaya a kan wannan yake: mu zaɓi abin da za mu ɗora masa da gangan.

5 ga Disamba, 2024

Ba mu da tanderun da ake shuka girafin a kan jan ƙarfe, kuma ko muna da shi, ba shi ne hanyar na'ura mai arha ba. Mun bi ta okzayid ɗin girafin. Hanyar asali ta Hummers da Offeman ce ta 1958, amma mun ɗauki gyaran da rukunin James Tour na Jami'ar Rice ya yi a 2010: asid ɗin salfurik kashi 9, na fosforik kashi 1, fotashiyam famanganet ninki shida na nauyin girafayit, a cire sodiyam naitiret ɗin da ke fitar da hayaƙi mai guba. A bar shi yana juyawa a digiri 50 na awa 12.

Wurin da ke buƙatar nutsuwa shi ne zuba famanganet. In ya haɗu da salfurik mai ƙarfi yakan haifar da wani koren mai, Mn2O7, wanda ke iya fashewa idan zafi ya haura digiri 55. Malam mai kula da ɗakin gwaji, wanda ya shekara da yawa a wurin, ya tsaya a kaina har aka gama. Ya ce, "Malama, kaɗan-kaɗan. Idonki a kan ma'aunin zafi, ba a kan agogo ba." Na ce, "To, Malam." Mun sa tukunyar gilashin cikin ƙanƙara, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, kuma mun haɗa injin juyawar da inbata don kada ɗaukewar wuta ta tsayar da shi a tsakiyar aiki.

Da aka juye a kan ƙanƙara aka ɗiga haidirojin farokzayid, launin ya koma ruwan ɗorawa mai haske. Sauran aikin wanki ne: asid ɗin haidirokulorik, ruwa, sai etanol, ana yi ana tacewa har tsamin ya fita.

20 ga Disamba, 2024

Sakamakon hasken ekis-re ya dawo daga ɗakin gwajin da muka aika. A zanen sakamakon, tsinin da ke nuna girafayit a kusurwar digiri 26.5 ya ɓace, sabo ya fito a wajen digiri 10 zuwa 11. Ma'ana tazarar da ke tsakanin falle da falle ta buɗe daga nanomita 0.335 zuwa wajen 0.8, saboda oksijin da ruwan da suka shiga tsakani. Abin da ake nema ke nan.

13 ga Janairu, 2025

Okzayid ɗin girafin ba ya barin lantarki ya wuce sosai, dole a cire masa wani kaso na oksijin. Ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ya yi wannan da tururin haidirazin a 2008, har suka gano tururin makaman guba na gwaji da na abubuwan fashewa a matakin kashi kaɗan cikin biliyan. Haidirazin guba ce mai haɗari, ba na son ta kusa da ɗalibanmu. A 2010 wasu masu bincike a Obiyedo ta Sifen suka nuna cewa bitamin C yana yin aikin kusan daidai da ita. Shi muka yi amfani da shi, a ruwa mai zafin digiri 95, muna kallon ruwan ƙasa-ƙasa yana rikiɗa baƙi.

Na fahimci cewa wannan mataki shi ne gyara na farko, ko da yake ba a cika kiransa haka ba. In ka cire oksijin da yawa, lantarki yana gudu lafiya, hayaniya, wato rawar banza da awo ke yi, ta ragu, amma ka share wuraren da amoniya za ta kama. In ka bar shi da yawa, tana kamawa da ƙarfi har ta ƙi saki, kuma ruwan iska ya samu wurin zama. Saboda haka mun dafa kashi uku: ɗan lokaci, matsakaici, da mai tsawo.

Allon da muke ɗiga ruwan a kai yana da siraran layukan zinare da aka jera kamar haƙoran mataji biyu da aka cusa cikin juna ba tare da sun taɓa ba. Girafin ɗin ne ke zama gada a tsakaninsu. Muna auna turjiyar gadar, wato yadda take tare wa lantarki hanya, da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino da ƙaramin ma'auni mai bit 16, kwamfuta tana rubutawa kowace daƙiƙa.

Akwatin gwajin kwalbar gilashi ce mai lita 10 da fankar kwamfuta a ciki. Lissafin mai sauƙi ne: ppm 25 a lita 10 daidai yake da maikurolita 250 na zallar iskar amoniya. A aikace kuwa amoniya tana manne wa bango, tana narkewa cikin duk wata raɓa da ta samu, don haka abin da ka tura da sirinji ba shi ne abin da ke cikin iskar ba. Mun sauya duk bututun roba da na teflon, kuma muna tabbatar da adadin da bututun gilashin nan mai canza launi na Gastec.

29 ga Janairu, 2025

Girafin tsirara ya amsa. Ana tura amoniya turjiya ta hau. Dalilin sananne ne: girafin da ya sha iska, guraben da babu ilektiron a cikinsu ne ke ɗaukar lantarkinsa. Amoniya tana ba da ilektiron, ya cike wasu guraben, masu ɗaukar kaya su ragu, turjiya ta tashi. NO2 akasin haka take yi, tana ƙwace ilektiron, gurabe su ƙaru, turjiya ta sauka.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ya amsa wa sifirit, ya amsa wa asiton, ya amsa wa fomalin da ake turara ɗakin kaji da shi, ya amsa wa numfashin wanda ya leƙa kwalbar. Kuma bayan an fitar da amoniyar, layin turjiyar a zanen kwamfuta yana saukowa a hankali ƙwarai, ba ya komawa inda ya taso. Su Geim ma a 2007 sai da suka ɗumama nasu zuwa digiri 150 a wurin da aka zuƙe iska kafin ya warware. Na'urar da ke jin komai ba ta gaya wa mai kaji komai. Kashi na matsakaici ya fi sauran biyun daidaito, shi za mu ci gaba da shi.

20 ga Fabrairu, 2025

Makonnin nan a kan tambaya ɗaya suka tafi: me za a ɗora?

Hanya biyu ce a dunƙule. Ko ka ɗaure sabon sinadarin a jikin kabon ɗin da ɗauri na dindindin, kamar yadda ake yi da gishirin dayazoniyam, wanda ba ya wankuwa amma kowane ɗauri yana ɓata saƙar girafin ya rage gudun lantarki. Ko kuma ka kwantar da shi a kai kawai, kamar yadda fairin mai zobe huɗu ke kwanciya lamo a kan gidajen kabon, saƙar ta tsira amma riƙon ba shi da ƙarfi sosai. Mutane sun gwada abubuwa iri-iri. Rukunin Johnson ya shafa zaren DNA a 2010, kowane jeri na zaren da irin tururin da ya fi so. Masu neman haidirojin suna barbaɗa ƙurar faladiyam. Masu neman tururin mai da na fenti suna sa fofirin, danginsu ɗaya da abin da ke riƙe ƙarfe a cikin jini.

Amoniya kishiyar asid ce, abin da ta fi so shi ne ta karɓi furoton, ƙwayar haidirojin da asid ke sakewa, ta zama amoniyam. Ba sifirit ba asiton da ke da wannan hali da ƙarfi. Don haka na tsaya a kan foliyanilin, ɗaya daga cikin robobin da ke ɗaukar lantarki, fannin da ya kai Heeger da MacDiarmid da Shirakawa ga Nobel ɗin kimiyyar sinadarai a 2000. Idan foliyanilin ya sha asid kore ne, yana ɗaukar lantarki. Amoniya ta zo ta ƙwace furoton ɗin, ya koma shuɗi, turjiyarsa ta yi tsalle. In iska mai tsabta ta biyo baya, amoniyam ya saki furoton ya tashi, kore ya dawo. Abin da ya ƙara min sha'awa shi ne duka biyun, girafin da robar, gefe ɗaya suke ja idan amoniya ta zo, don haka amsarsu tana haɗuwa ne, ba ta cin juna.

Mun haɗa shi a kan falle-fallen girafin kai tsaye: anilin cikin asid ɗin haidirokulorik, ruwan girafin a ciki, kwano cikin ƙanƙara a ƙasa da digiri 5, ana ɗiga amoniyam fasalfet. Ina so robar ta zama siririyar riga a jikin kowane falle. In ta yi kauri ta zama dunƙule, amoniya tana ɗaukar lokaci kafin ta ratsa, ta kuma ɗauki wanda ya fi shi kafin ta fita, an rasa amfanin siranta ke nan.

11 ga Maris, 2025

Azumi ya rage tsawon yinin aiki, amma sakamakon ya faranta min rai. Amsar ga amoniya ta ninka ta girafin tsirara nesa ba kusa ba, tana zuwa da sauri, kuma layin yana komawa kusa da inda ya taso ba tare da ɗumamawa ba. Sifirit da asiton yanzu ɗan motsi kawai suke haifarwa. Farfesa ya duba zanen ya ce, "Madalla. Amma ki tuna a hunturu kika auna wannan." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

2 ga Afrilu, 2025

Wani ɗalibi ya kawo shawarar mu gwada maksin, wani siririn falle mai kama da girafin, kuma shawarar tana da tushe. An fara samar da shi a Jami'ar Drexel ta Amurka a 2011, aikin Naguib da Barsoum da Gogotsi: aka ɗauki Ti3AlC2 aka cinye falle-fallen alminiyam da asid, aka bar shimfiɗar titaniyam da kabon mai ɗaukar lantarki kamar ƙarfe, fuskarta cike da oksijin da fulorin. A 2018 masu bincike na Koriya ta Kudu tare da na Drexel suka nuna yana jin tururin asiton da etanol a matakin kashi 50 zuwa 100 cikin biliyan, da ƙarancin hayaniya.

Duk da haka na ce a'a, a yanzu. Asid ɗin da ke cin alminiyam ɗin haidirofulorik ne. Ko hanyar 2014 ta litiyam fulorayid da haidirokulorik, shi dai take haifarwa a cikin kwanon. Wannan asid yana ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, ya je ya kama kalsiyam na jini da ƙashi. Ɗakin da ba shi da man kalsiyam gulukonet a hannu da horo na musamman bai kamata ya taɓa shi ba. Bayan haka maksin yana rikiɗa zuwa okzayid ɗin titaniyam in ya zauna da ruwa da iska, kuma kusan kowane tururi turjiyarsa sama yake turawa. Abu ne mai kyau ga mai binciken numfashin majinyaci a asibiti. Ɗakin kaji wuri ne mai laima da ƙura. Haka ma baƙin fosforas, wanda ke lalacewa a iska cikin ɗan lokaci, na ajiye shi gefe.

22 ga Afrilu, 2025

Mun kai na'urar gonar wani dattijo a bayan gari, muka rataye ta daidai tsayin kan kaza. Ya zagaya ta, ya kalli lambobin da ke gudu a allo, ya ce, "'Yata, to in wannan lambar ta hau, ni me zan yi?" Na ce, "Baba, a ɗaga tamfol iska ta shiga, a juya shimfiɗa, a duba mashayar da ke yoyo." Ya ce, "To ki sa min fitila. Kore, in ci gaba da harkata. Ja, in kira yara." Gaskiyarsa. Za mu sa fitila uku, lambobin su tsaya a cikin katin ajiya domin mu.

Ya ƙara da wata magana da ta fi min komai amfani a ranar. Ya ce wari ya fi tsanani a ƙarƙashin mashaya, da kuma cikin Agusta lokacin da shimfiɗa ba ta bushewa. Wato lokacin da amoniya ta fi yawa shi ne lokacin da iska ta fi laima.

Wani abu kuma ya bayyana. A zafin bazara, da rana ta haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano, turjiyar tana hawa a hankali ko babu ƙarin amoniya, kuma ba ta dawowa da dare. Haidirokulorik asid ne mai tashi, zafi yana korar shi daga jikin robar. Ƙura ma ta rufe fuskar allon.

28 ga Mayu, 2025

An yi ruwan farko mai ƙarfi a makon nan, kuma duk na'urorin da ke kan tebur turjiyarsu ta faɗi a tare, kwalba a rufe ko a buɗe.

Wannan shi ne babban ƙalubalen aikin, don haka zan tsaya a kansa. A garinmu danshin iska da ranar hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a Agusta kuma ya haura 80. Ruwan da ke cikin iska mai laima ya kai dubun-dubatar ppm, mu kuma 25 muke nema a tsakiyarsa. Foliyanilin yana shan wannan ruwa, furoton su samu hanyar tsalle daga wuri zuwa wuri, turjiya ta sauka. Ragowar oksijin da ke jikin girafin ma ruwa yake ja. Ba abin mamaki ba ne, tunda a 2013 masu binciken Nokia a Kambirij sun yi ma'aunin danshi mai saurin gaske da okzayid ɗin girafin zalla.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne gefen da kuskuren ke faɗawa. Amoniya tana tura turjiya sama, laima tana ja ta ƙasa. A ɗakin da shimfiɗa ta jiƙe, amoniya ta yi yawa, laima ta yi yawa, ɗaya ya rufe ɗaya, fitila ta nuna kore. Na'urar da ke ƙararrawar banza tana ba da haushi ne kawai, amma wadda ke cewa lafiya lau alhali kaji suna shaƙar guba ta fi rashin na'ura muni, domin mai gona zai daina amincewa da idonsa da ke yaji ya amince da ita. Takardun bincike da yawa suna ba da sakamakonsu a busasshiyar iskar naitirojin daga tukunya. Wannan yana da amfani wajen fahimtar sinadarin, amma ba ya ce komai game da Agusta.

16 ga Yuni, 2025

Kafin magani sai awo. Ba mu da injin daidaita danshi, amma akwai tsohuwar dabara mai inganci: ruwan gishiri da ya ƙoshi har gishirin ya ƙi narkewa yana tsayar da danshin rufaffiyar kwalba a adadi ɗaya. Litiyam kulorayid yana ba da kashi 11, magniziyam kulorayid 33, gishirin miya 75, fotashiyam kulorayid wajen 84, duk a digiri 25. Tunda ruwan gishirin zai shanye amoniyar, muna daidaita danshin a kwalba ɗaya, mu tura iskar zuwa kwalbar gwaji, sannan mu sa amoniya.

Mun fara gwada rufe allon da siririn teflon mai ƙananan huji. Ya tare ƙura da fantsamar ruwa, za mu riƙe shi saboda wannan. Tururin ruwa kuwa yana wucewa abinsa, domin ƙwayar ruwa da ta amoniya kusan girmansu ɗaya, nauyin ɗaya 18, ɗaya 17. Babu rariyar da za ta raba su. Dole rabuwar ta zo daga halin fuskar.

14 ga Yuli, 2025

Gyara biyu muka yi, kuma na farkon ya magance matsala biyu a lokaci ɗaya. Mun maye gurbin haidirokulorik da asid ɗin dodesilbenzin salfonik. Kansa asid ne mai ƙarfi da ke ba robar furoton, jelarsa kuma doguwar sarƙar kabon 12 ce mai gudun ruwa. Yana da nauyi, zafi ba ya korar shi. Danginsa ne masu haɗa sabulun ruwa ke saya a kasuwa da sunan salfonik. Da mai tsabta na ɗakin gwaji muke aiki yanzu, amma na sayo na kasuwa na ajiye, domin in ya yi aiki ko da kusa da wancan, farashin na'urar zai sauka sosai.

Tasirin laima ya ragu a fili, hawan turjiya na zafin rana ya lafa. Kuɗin da muka biya shi ne amsar ga amoniya ta ɗan yi sanyi, ta kuma ɗan ƙara jinkiri, saboda jelar tana tare hanya. Na yarda da wannan ciniki.

Gyara na biyu shi ne mu daina neman allo ɗaya ya yi komai. Tun 1982 Persaud da Dodd a Jami'ar Warik suka nuna cewa tarin na'urori marasa ƙwarewa, kowace da irin amsarta, suna iya bambance wari in aka karanta su tare. Yanzu akwatinmu yana da allo mai girafin da roba, da allo mai girafin tsirara, da ɗan ma'aunin danshi da zafi na kasuwa. Kwamfuta tana duba danshi, ta cire rabonsa daga amsar bisa awon kwalaben gishiri.

30 ga Yuli, 2025

Na fara aikin allo na uku da MoS2, wato molibdinam da farar wuta. Shi falle ne mai hawa uku, farar wuta sama da ƙasa, ƙarfen a tsakiya. Ya bambanta da girafin ta wajen cewa ana iya kashe lantarkinsa a kunna. Rukunin Andras Kis a Lozan ta Suwizalan ya yi taransista da falle ɗayansa a 2011. A asalinsa ilektiron ne ke ɗaukar lantarkinsa, don haka mai ba da ilektiron irin amoniya ƙasa yake jan turjiyarsa, akasin girafin. A 2013 ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ya nuna falle ɗaya nasa yana zaɓar tururin tirayetilamin, ɗan'uwan amoniya. In allo biyu suka ja gefe daban-daban a lokaci ɗaya, shaida ce da ta fi ta allo ɗaya ƙarfi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne guraben da zarrar farar wuta ta ɓace daga fuskarsa. Sinadarai masu kan tayol, wato kai mai ɗauke da farar wuta, suna zama daidai cikin waɗannan gurabe, jelarsu a waje, kuma kai ne za ka zaɓi abin da ke ƙarshen jelar. A 2014 masu bincike a KAIST ta Koriya sun yi haka da asid ɗin makaptoandekanoyik, har amsar ga wasu tururi ta juya gefe. Ƙarshen jelar nan asid ne, abin da amoniya ke so.

Mun ɓarke garin da girgizar sauti cikin ruwa da etanol kashi 45, salon da ya biyo bayan aikin rukunin Jonathan Coleman na Dablin a 2011. Ruwan ya fito kore mai duhu, ma'aunin haske ya nuna tsini biyu a wajen nanomita 610 da 670, alamar falle-fallen sun yi siriri. Sai dai turjiyar shimfiɗar ta fi ƙarfin ma'auninmu, saboda lantarkin sai ya yi ta tsallake gaɓa tsakanin ƙananan gutsattsari. Muna cakuɗa masa ɗan girafin ya zama hanya, muna kuma lura kada girafin ya yi yawa har halinsa ya danne na MoS2.

27 ga Agusta, 2025

Akwatuna biyu suna rataye a gonar Baba tun farkon wata, ɗaya kusa da mashaya, ɗaya a tsakiyar ɗaki. Kowane mako ina zuwa da bututun Gastec in auna a wurin, in kwatanta. A tsakiyar damina, da lissafin cire danshi, fitilar tana bin abin da bututun ya nuna a yawancin lokuta. Inda take kaucewa shi ne da asuba, lokacin da raɓa ke kwanciya a kan allon kansa. Na sa dokar cewa in danshi ya haura kashi 90, fitilar ta nuna ruwan ɗorawa tana ƙiftawa, kada ta nuna kore ko da lissafi ya ce lafiya. Za mu kuma liƙa ƙaramar waya mai ɗumi a bayan allon ta ɗaga zafinsa da 'yan digiri kaɗan sama da na ɗaki, wanda ya isa ya hana raɓa ba tare da ya cinye batir ba.

Na kusa da mashaya ya nuna ja a makon jiya. Yara suka duba suka tarar da bututun ruwa ya tsage a ƙarƙashin ɓuntu, aka kwashe jiƙaƙƙen aka zuba busasshe, kafin la'asar fitila ta koma kore.

Abin da ke gabanmu: a gama allon MoS2 mai tayol a gwada shi a kwalabe huɗu na gishiri, a gwada salfonik na kasuwa gefe da gefe da mai tsabta, a gwada haidirojin salfayid, wanda shi ma yana tashi daga ruɓaɓɓen kashi kuma yana taɓa foliyanilin. Allunan da ke akwatuna biyun na gonar ba za a sauya su ba, ba za a wanke su ba, har hunturu ya dawo a rufe ɗakin da tamfol, domin mu ga ko lissafin da aka gina a kan laimar Agusta zai tsaya a busasshiyar iskar Disamba. Awo na gaba a gonar ranar 3 ga Satumba ne.